Dada a Talabijin

"Mama, ka ɗaga hannu kaɗan. Yawwa! Ka juya shi sosai!"

Dada ta yi dariya har maburgi ya kusa kuɓuce mata. Shekarunta sun haura saba'in, ba a taɓa ce mata "ka" ba sai a bakin wannan yarinya, Ifeyinwa, ma'aikaciyar gidan tarihi, wadda ta rufe hanci da takunkumi tana nuna ta da waya. Ta murza maburgin a tafin hannu, kindirmo ya yi kumfa, ƙamshin ruga ya tashi cikin babban ɗakin da babu kowa sai tukwane da takubba a bayan gilashi.

Tun da korona ta shigo, baƙi suka daina zuwa. Sai ma'aikata suka ce tunda mutane ba sa zuwa wurin kaya, kaya su je wurin mutane ta waya. Amma ƙwarya a hoto ƙwarya ce kawai, ba ta motsi. Ifeyinwa kuwa maƙwabciyar su Dada ce a unguwar Gwallameji, ta sha hango tsohuwa ta saman katanga zaune ita kaɗai a ƙofar ɗakin baya. Ta nemi izinin ɗan tsohuwar, Hammajoda, ta ɗauko ta a keke.

Ranar nan Dada ta yi magana kamar an buɗe rijiya. Ta faɗi sunayen shanunsu, da wata saniya mai cin sabulu, da yadda man shanu ke ƙin haɗuwa idan mai burga tana fushi.

"Mama, menene sunan ɗanka? Zan rubuta a ƙasa."

Dada ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke 'yar nan, ɗan fari ne. Ana faɗa?"

* * *

Ɗan farin nan bai rage ta da komai ba. Ɗakinta da fanka, abinci sau uku a rufe, magani ba ya yankewa. Farkon annoba ne ya tsaya daga nesa ya ce, "Dada, cutar nan tsofaffi take kamawa. Ki zauna nan baya, kada yara su kwaso miki."

Ta zauna. Aka buɗe kasuwa, aka buɗe masallatai, yara suka koma makaranta, ba wanda ya tuna ya buɗe maganar. Abin da take so bai fi ta miƙe ƙafa a falo ba, jikoki na tsallake ta. Amma yaya za ta dubi ɗan fari ta roƙe shi? Ko idonsa ba ta taɓa kallo ba.

Sai bidiyon ya bazu. Lailatu, surukarta, ta kawo tuwo da kanta tana murna. "Dada, kin yi suna! Har Turawa suna tambaya ko saniyar ta mutu."

"Sabulun ne dai ya ƙare," in ji Dada.

* * *

Ranar Juma'a bayan masallaci motoci suka tsaya a ƙofar gida, abokan aikin Hammajoda ne. Dada ta ji ana cewa, "Ina tauraruwar tamu?" Maza ta ɗaura zanenta na Sallah, ta sa awarwaro, ta zagayo ta tsaya gefen tagar falo, takalmi a hannu, don kada a kira a jira ta.

Sai ta ji muryarta. An haɗa waya da talabijin, ga ta nan tana burga nono, ƙatuwa, ta cika bango. Jikoki sun zauna a gabanta sun tanƙwashe ƙafa, shiru, kamar yadda ta daɗe tana so.

"Mahaifiyata ce," in ji Hammajoda, muryarsa cike da alfahari.

"Masha Allah! Tana ruga ne?"

"A'a, tana nan. Tana hutawa, kada mu tashe ta. Salma, maido shi farko!" in ji Hammajoda, yana duban 'yarsa.

Dada ta jima tsaye. Sannan ta ajiye takalman, ta zauna a dakalin ƙarƙashin taga. Rana ba zafi, bangon da ɗumi. A ciki aka zo wurin saniya, falo ya ɗauki dariya, ta tsinci ta ɗanta a ciki, irin ta ubansa sak. Ba ta san haka yake dariya ba yanzu.

Ta jingina kai da bango tana murmushi, tana jira su sake maido ta farko.