Bindiga Uku a Ramin Dutse

Nevzat, mijin yayata Gulizar, shi ne maharbin da ya fi kowa a ƙauyenmu kafin ciwo ya same shi. A nan gefen tafkin Beyshehir, idan masara ta fara cika, garken aladen daji guda ya isa ya kwantar da gonar mutum gaba ɗaya. Shi ya sa duk kaka mazan gari ke haɗuwa da karnuka su koro su daga ciyawar bakin tafki, maharba kuma su tsare mashigai. Mashigar da ta fi wuya, Nevzat ake ba.

Yana gyaran injin ban-ruwa ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da Allah ya taimaka tafiya ta dawo, magana ma ta dawo, har likitoci suka yarda ya ci gaba da riƙe lasisinsa. Hannun ne bai dawo duka ba. Yatsun suna motsi, yana riƙe kofin shayi, amma wuyan hannun babu ƙarfi. Bindigarsa kuwa ta gado ce daga mahaifinsa, irin wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga mariƙi, ka ja baya, ka tura gaba kafin wani harsashi ya hau. Ya gwada a bayan gida, mariƙin ya gagare shi. Ya goge ta, ya kulle, ya koma zaman bakin taga. Kaka biyu aka fita ba da shi ba.

Ni na kawo shawarar bindiga mai ɗana kanta, wadda kana harbi wani harsashin ke hawa. Ina da irinta, na saya hannu na biyu a Konya.

"Bindigar malalata," in ji Nevzat, bai ko juyo daga tagar ba.

"To ai ka zama malalacin, enishte," na ce masa. Haka muke kiran mijin 'yar'uwa, kuma wasa tsakaninmu ba sabon abu ba ne.

Na zaci Gulizar za ta kore ni, don tun ranar da aka kwantar da shi ta rantse ba zai sake shiga daji ba. Sai ta ajiye tiren shayi ta ce, "Rasim, idan za a yi, a yi da hankali. Ba za a saya don wani ya yabi tasa a gidan shayi ba. A kawo su, ya harba da hannunsa, ina tsaye."

Da ta raka ni ƙofa na tambaye ta me ya sauya. Ta ce, "Mutumin nan ko faɗa ya daina yi da ni. Gara alade ya kore shi da in ci gaba da kallonsa haka."

Muka sa ranar Asabar a tsohon ramin da ake fasa dutse, inda bango ke tare harsashi. Na zo da tawa. Kenan, wanda ya yi aiki a Jamus ya dawo da kuɗi, ya zo da tasa, sabuwa fil, cikin akwati mai soso. Muna kafa kwalayen da za a harba sai ga tarakta ta shigo ramin, Hurshit a kai, da doguwar jaka a cinyarsa.

Nevzat ya ɓata fuska. Shi da Hurshit tare suka tashi, tare suka yi soja, amma sun daɗe ba sa ko gaisawa. Wani ƙaton alade suka taɓa harbi lokaci guda, ya faɗi, rami ɗaya aka samu a jikinsa, kowa ya ce nasa ne. Daga nan magana ta yi tsami har ta kai ga iyaye.

"Wa ya kira wannan?"

"Ni," in ji Gulizar. "Bindigarsa na kira, shi rakiya ya yi."

Hurshit ya sauko yana dariya, ya nuna Gulizar. Matar aboki ko ta ɗan'uwa, yenge muke ce mata. "Yenge ta ce ana neman bindigar da gurgu zai iya. Na ce tawa ko makaho ya riƙe ta sai ya samu."

"Shi ya sa ka saye ta," in ji Nevzat.

Muka shimfiɗa buhun yashi a kan bakin tirelar taraktar, aka fara da ta Kenan. Gaskiya kyakkyawa ce, ga rashin nauyi kamar sanda. Nevzat ya ɗana ta da hagu, ya kwantar da kunci, ya matsa kunama a hankali. Da muka je duba kwali, ramukan sun haɗu wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe su. Kenan ya ɗauki hoto da waya.

"Ka gani? Hannunka lafiya lau, kayan aiki ne ba ka da shi."

Nevzat ya yi murmushi, karo na farko da na gani tun ciwon. Amma da ya ƙara zagaye na biyu, sai ramukan suka fara warwatsewa. Gulizar ba ta duba kwali ba, fuskarsa take kallo.

"Buɗe rigarka," ta ce.

Kafaɗar da ciwon ya taɓa ta yi ja. Bindigar ba ta da nauyin da zai shanye ƙarfin harbi, duk a kafaɗa take saukewa, har ya fara rufe ido kafin ya matsa. Kenan ya ce ana iya sa mata roba a gindi. Gulizar ta tambayi kuɗin bindigar. Da ya faɗa, ta ce ai sai a sayar da shanun gidan duka, a bar alade ya ci masarar ya fi sauƙi.

Aka zo kan tawa. Na daɗe ina yabonta a gidan shayi, don haka na tsaya kusa ina bayani. Ramukanta a kwali sun bazu, sai faranti ya rufe su, na ce ai alade ya fi faranti girma. Kowa ya yarda da wannan. Ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma kuɗin ta Kenan zai sayi irinta da yawa. Nevzat ya fara gyaɗa kai.

Sai Gulizar ta ce a bar goge ta, a ci gaba da harbi, don a daji babu mai tsayawa shafa mai. Ta sa aka ajiye ta a ƙasa cikin ƙurar dutse kamar yadda mutum zai yi idan ya zauna hutawa. Ba a jima ba kwanson harsashi ya maƙale a bakin fita, rabi ciki rabi waje. Na miƙa hannu zan karɓa.

"Bar shi," in ji ta. "A daji kai za ka bi shi?"

Nevzat ya matse bindigar a cinya, bakinta na kallon bangon dutse, ya yi ta fama da hagu. Kwanson ya ƙi fita. Gumi ya keto masa. Kowa ya san alade mai rauni ba ya jira haka. Daga ƙarshe ya miƙo mini ita.

"Tana yi maka haka dama?"

"Wani lokaci," na ce. "Idan sanyi ya yi yawa."

"Ko zafi," in ji Hurshit. "Ko ranar Asabar."

Ta Hurshit tsohuwa ce, fentin katakonta duk ya goge, ga nauyi kamar garma. Nevzat ya ɗauka ya jijjiga ta ya ce wannan ai turmi ne. Ya harba a kan buhun yashi. Ramukan ba su kai na Kenan haɗuwa ba, amma tafin hannu zai rufe su, kuma zagaye na biyu da na uku duk haka suka fito. Nauyin ya shanye dukan, kafaɗarsa ba ta ko motsa sosai. Gulizar ta sa aka yi mata irin abin da aka yi wa tawa. Hurshit da kansa ya ɗebi ƙura ya watsa mata, ya ce a ƙara. Harsashin da ya kawo ya ƙare, muka ƙara da na Kenan tunda girmansu ɗaya, ba ta cije ko sau ɗaya ba.

Nevzat ya shiga neman aibi. Ya ce kunamarta ta yi tauri. Ya ce gindinta ya yi tsawo. Sannan ya miƙe tsaye ya ɗaga ta ba tare da buhu ba, nan ya sami abin da yake nema: bakin bindigar ya dinga rawa, hannun dama ya kasa taimaka wa hagu.

"Kun gani? Ba ta yi ba."

Hurshit ya je bakin ramin ya saro reshe mai baki biyu, ya fere ƙasansa, ya kafa a gaban Nevzat.

"Ɗora a nan. Kai da ma a mashiga kake tsayawa, ba gudu kake yi ba. Ko da kana da lafiyar ban taɓa ganin ka yi gudu ba."

Nevzat ya ɗora, ya harba a tsaye. Gwangwanin man zaitun da muka ajiye can ƙarshen ramin ya yi tsalle. Ya sake harbi kafin ya gama birgima, ya sake samu.

Muka zauna a inuwar tirela, Gulizar ta fito da burodi da cuku da tumatir. Kenan ya ce irin ta Hurshit an daina yin ta, samunta sai an sha yawo. Nevzat yana tauna burodi yana kallon ƙasa. Kowa ya san wadda ta dace da shi, kuma kowa ya san ba zai buɗe baki ya roƙi Hurshit ba.

Hurshit ne ya yi magana, yana ɓare tumatir da wuƙa. "Ni ta gundure ni. Nauyi gare ta, ga shi ni nake bin karnuka. Da zan sami mai musaya da irin ta dā, mai mariƙi, da na huta."

"Ta babana kake nufi."

"Ni ban ambaci ta kowa ba."

"Tun muna yara idonka ke kanta."

"Tana kulle tana tsatsa. Marigayi da ya san haka za ta ƙare, da ni ya bar wa."

Na zaci faɗa zai tashi. Amma sai Nevzat ya ce, "Ba za ka taɓa katakonta ba. Ba fenti, ba sassaƙa suna."

"Na ji."

"Kuma idan ka mutu ta dawo gidana."

"Idan kai ka riga ni fa?"

"Ku ci abinci," in ji Gulizar.

Haka aka yi musayar. Sauya sunan lasisi ya ɗauki lokaci, sai da suka yi ta zirga-zirga ofishin jandarma tare a motata, suna gardama tun daga gida har mu dawo. An gama kafin masara ta bushe.

Ranar fitar farko aka ba Nevzat mashigar bakin rafi, ni aka ajiye ni sama da shi kaɗan, inda nake hango shi. Ya kafa reshensa ya jira. Da hantsi karnuka suka taso garke daga ciyawa. Babba ɗaya ya ɓalle ya nufo rafin. Nevzat ya harba, ƙasa ta tashi a bayan aladen. Ya harba na biyu, ya kuskure. Aladen ya tsallaka ruwa ya juyo sama, a na uku ya faɗi a kan gabansa, bai sake tashi ba.

Da na sauko na tarar da Nevzat zaune a kan dutse, bindigar a cinyarsa.

"Harsashi uku," ya ce. "A dā ɗaya ne."

"Ɗaya ko uku, daɗin masarar bai sauya ba, enishte."

Can sai ga Hurshit ya fito daga ciyawa, laka har gwiwa, yana zage-zage. Alade biyu sun wuce ta gabansa. Ya harbi na farko ya kuskure, ya ci gaba da matsa kunama yana jiran bindiga ta ɗana kanta, ya manta sai ya ja mariƙi. Kafin ya tuna sun shige.

Nevzat ya yi dariya har da tari. "Kawo in nuna maka yadda ake yi. Da hagu ma zan koya maka."

"Bindigar babanka ce ta tsufa."

"To dawo da ita."

"Ban ce zan dawo da ita ba."

Muka ɗaura wa aladen igiya, tarakta ta ja shi zuwa ramin da ake binne su. Nevzat ya kira Gulizar a waya ya gaya mata. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ji shi yana cewa, "Na sha, na sha maganin tun da safe. Ke dai ɗora miya, mutum uku ne."