Ginshiƙin Motar Pokuaa

"In fita za ki yi, sai dai ki bi ta kaina," in ji Wofa Gyamfi, tsohon da kowa ke kira Wofa, wato kawu.

Ya kafa kujerarsa ta roba a tsakiyar ƙofar gidan, ya zauna daram, sandarsa a kan cinya. Motar Pokuaa na gabansa a kunne, ita kuma tana ciki tana danna masa hon kamar wadda ta tarar da akuya a titi.

Maame Dufie, uwar Pokuaa, ta fito daga kicin da ludayin koko a hannu. Shekara ashirin da shida ɗakinta na manne da na wannan tsoho a gidan hayarsu na unguwar Breman, ta san taurin kansa ciki da bai, amma ba ta taɓa ganin ya tare wa mutum hanyar neman abinci ba.

"Wofa, lafiya kuwa? Yarinya za ta je ɗaukar fasinja."

"Ba za ta ɗauki kowa a cikin wannan motar ba."

Pokuaa ta leƙo ta taga. "Wofa, motar da kai ka gyara da hannunka? Ko maganin tarin ne ya hau maka kai?"

"Shi ya sa na ce ba za ta fita ba. Don ni na gyara ta."

Tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, kafaɗunsa na rawa, har Dufie ta ajiye ludayin ta riƙe shi. Ƙashi zalla ta ji a ƙarƙashin rigar. Wannan fa mutum ne da a da yake ɗaga ƙofar babbar mota shi kaɗai. Shekara arba'in yana shaƙar ƙurar fenti da hayaƙin walda a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, ga abin da suka bar masa. Likita ya riga ya gaya wa Dufie gaskiya a gefe, ta kuma san shi ma ya gane, don tun daga ranar ya daina tambayar yaushe zai koma asibiti.

Ita motar, wata takwas ke nan da Pokuaa ta saye ta, irin waɗanda ake kawowa daga ƙetare bayan sun yi haɗari. Gefen direba ya lotse, ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya ya lanƙwashe ciki. Wofa Gyamfi ya ce a ba shi. Kwana tara ya yi a kanta da wuta da guduma, bai karɓi ko sidi ɗaya ba, domin a bayansa Pokuaa ta girma. Da ya gama, layinsu kaf aka zo kallo. Manyan masu gyaran jikin mota suka dinga shafa wurin da tafin hannu suna girgiza kai. Shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma kowa ya ce shi ne mafi kyau.

"Kashe ta ki zo," ya ce wa Pokuaa. "Ke ma Dufie, zo ki gani."

A bakin ɗakinsa akwai wani tsohon maƙalin ƙarfe a jikin benci. Ya jawo falle biyu na ƙarfe daga ƙarƙashin bencin, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Ɗaya fari tas, ɗayan kuma ya yi shuɗi-shuɗi a tsakiya inda wuta ta lasa.

"Kun tuna yarinyar nan injiniya da ƙungiyarmu ta gayyato kwanakin baya?"

Dufie ta tuna sarai, don ranar da ya dawo sai da ya cika gidan da surutu. Wai wata 'yar makaranta mai farar hula ta tsaya gaban dattawa tana cewa ƙarfen motocin yanzu ba irin na da ba ne. Wai ya fi siranta, ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa masu ƙera motoci duk suka koma kansa, nan da 'yan shekaru da wuya a ga sabuwar motar da babu shi a ƙashinta. Wai kuma idan ya lanƙwashe ba a gasa shi a miƙe, yankewa ake a sa wani. A gaban kowa Wofa ya tashi ya tambaye ta ko ta taɓa riƙe guduma, aka kwashe da dariya, yarinya ta tattara takardunta.

"Na yi mata dariya," ya ce. "Amma maganar ta ƙi barina. Jiya na sa aka yanko mini waɗannan daga ginshiƙin wata mota irin taki, na gasa ɗaya kamar yadda na gasa naki. Pokuaa, ɗauki gudumar."

Ya ɗaure farin fallen. Pokuaa ta buga, gudumar ta yi tsalle ta dawo har sai da ta yarfe hannu. Ta sake, ta sake. Ƙarfen ko gezau.

Ya kwance shi ya ɗaure mai shuɗin. Bugu biyu kacal ta yi, ya kwanta kamar murfin gwangwanin madara.

Daga makwabta ana jin wata tana dakan fufu.

"Abin da ke kusa da kafaɗarki ke nan kullum," ya ce a hankali. "A jikinsa bel ɗin kujerarki yake. Ranar da wata motar haya ta tirotiro ta shigo miki ta gefe, ba abin da zai tare ta. Ni na kashe shi da wutata, na shafe shi da fenti, na ce miki ki je Allah ya kiyaye."

Dufie ta juya. Ta dubi 'yarta, ita kaɗai ce gare ta, ta ga yarinyar na kallon ƙarfen baki buɗe. Tsoro ya kama ta, tausayin tsohon kuma ya fi tsoron.

"To, a canja shi," ta ce. "Amma Wofa, a kai ta Tafo, ko can Ejisu inda ba a san ka ba. A yi a gama shiru. Ba sai duniya ta ji ba."

"A layinmu za a yi. A rumfar Oduro."

"Oduro? Mutumin da kuka shekara talatin kuna zagin aikin juna? Haba Wofa. Sunanka fa shi ne kaɗai abin da ya rage maka. Ba ka da gida, ba ka da gona. Ka bari a binne ka da shi mana."

Maganar ta fita kafin ta kama bakinta. Shi kuwa murmushi ya yi.

"Mutum nawa ne a layin nan suka koyi gasa ginshiƙi a hannuna? Ashirin? Talatin? Gobe ma shi za su yi, su ce haka Masta Gyamfi yake yi. Motocin da za su taɓa, 'ya'yan wasu ne a ciki."

Dufie ta ɗauki ludayinta ta koma kicin. Kokon ya riga ya kama, ta tsaya a kansa tana share ido da gefen zane.

Lafiyayyen ginshiƙin daga jikin wata rabin mota aka samo shi. Wofa ya ba mai kayan kwalaben gas ɗinsa biyu da kan wutarsa aka yi musaya. Da Dufie ta yi ƙorafi ya ce mata, "Me zan gasa da su kuma? Agada?"

Ranar Litinin da hantsi Pokuaa ta tuƙa su zuwa Magazin, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Layin na nan yadda yake, baƙin mai a ƙasa, gawarwakin motoci a jibge, ƙarar guduma ta ko'ina. Aka ajiye wa Wofa kujera a inuwa. Masta Oduro ya fito yana goge hannu, gajere mai tumbi, gemunsa duk furfura.

"A'a, Gyamfi, ashe kana raye. Na ɗauka sai dai in sa baƙin zane in zo cin shinkafarka."

"Ba zan mutu in bar ka kana lalata motocin mutane ba. Kira su duka."

Aka kira. Gudumomi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mutane suka kewaye motar da dukansu suka sani. Wofa ya sa Oduro ya kankare fentin ginshiƙin. Injin ya yi ta kuka, farar ƙura na tashi, har shuɗin tabon wuta ya bayyana. Oduro ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya tsaya. Ya sunkuya, ya sa farce a wani wuri dab da inda bel yake maƙale. Tsaga ce siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa.

Pokuaa ta dafa kafaɗar uwarta.

Wofa ya dogara sandarsa ya miƙe. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da aka matso.

"Kun yaba wannan aikin. Ni ma na yaba. To ku duba shi da kyau, aikin banza ne. Yarinyar nan da na kunyata ita ce da gaskiya, wanda ya san inda take ya gaya mata na ce haka. Wannan ƙarfen ba ya son wuta. Wanda ya koyi gasa shi a wurina, ya mayar mini da kayana, ba na so a yi amfani da shi."

Wani daga baya ya ce, "To Masta, in ba wuta ba guduma, me za mu ci?"

"Ku koyi yanka da haɗawa. Oduro ya sayi injin, ko da yake bai iya ba. Ku tsaya ku ga yadda zan koya masa."

Aka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba. Oduro bai rama ba. Ya cire hularsa ya share goshi, ya ce, "Daga ina zan fara, Masta?" Dufie ba ta taɓa jin ya kira shi da wannan sunan ba, kuma ta ga Wofa ya kawar da kai.

Ranar ya zauna har la'asar yana nuna wa Oduro inda zai huda da inda zai bari. Washegari ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Dufie ta dafa masa ampesi, wato dafaffiyar doya, da miyar ganyen gwaza, ya ci loma biyu ya ture kwanon. Duk wanda ya shigo gaishe shi, tambaya ɗaya yake yi, "Sun gama?" Fasto ya zo ya yi addu'a, da aka ce amin shi ma tambayar da ya sha ke nan.

Ranar Laraba da azahar numfashinsa ya fara yin sama-sama. Dufie na zaune a bakin gadon tana yi masa fifita da murfin kwali, tana kallon ƙofa, tana roƙon Allah a zuci kada ya ɗauke shi kafin yarinyar nan ta dawo. Ta kira Pokuaa a waya sau uku. A na ukun ta ce suna hanya.

Can sai ga ƙarar mota a tsakar gida. Pokuaa ta shigo da sauri, rigarta duk ƙura.

"Wofa, an gama. Ba a yi fenti ba tukuna, amma an gama. Bari mu ɗaga ka ka gani."

Ya girgiza kai. Idanunsa a rufe suke.

"Je ki rufe ƙofar direba. Kada ki buga, ki sake ta kawai."

Ta fita. Ɗakin ya yi tsit. Sai aka ji ƙofar ta rufe, tim, sauti ɗaya mai nauyi, babu karkarwa a bayansa.

"Ta baya," ya ce. Dufie ta ɗaga murya ta faɗa mata.

Tim.

Ya sauke wani dogon numfashi, bakinsa ya ɗan motsa. Dufie ta kai kunnenta.

"Oduro ya iya," ya ce. "Kada ki gaya masa."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ya cika kafin la'asar, hannunsa cikin na Dufie, ta kuwa yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Ta gaya wa Oduro, mana. Ranar zaman makokin cikar mako ɗaya ta faɗa masa, yana zaune cikin baƙin zane a ƙarƙashin rumfa, ya rufe fuska da hannu biyu ya daɗe bai buɗe ba. Shi ne ya kawo tsohon ginshiƙin da aka yanke, ya ce ya rataye rabinsa a rumfarsa inda kowa zai gani, wannan rabin kuma na gida ne.

Da safe Dufie ta fito shara. Pokuaa na cikin mota, sabon ginshiƙin har yanzu toka-toka ne a tsakanin jajayen ƙofofi. Ta miƙa hannu ta kafaɗarta ta jawo bel, ta ɗan tsaya da tafinta a jikin ƙarfen, sannan ta maƙala. Kujerar robar tana nan kusa da ƙofar gida inda aka bar ta. Dufie ta je ta ɗauke ta daga hanya, motar ta wuce. Ta kai kujerar bakin ɗakinsa, ta ajiye ta kusa da guntun ƙarfen mai shuɗin tabo da ke jingine da bango, ta ci gaba da shararta.