Makesun Rafinmu

Shekara talatin da takwas mijina Tokuji yana bautar rafin garinmu. Shi ne kwashe shara, shi ne kiwon dodon koɗin da tsutsar makesu ke ci. Makesu kuwa, ƙwarin nan masu haske da dare, ya san su fiye da yadda ya san 'ya'yansa, wannan na sha faɗa masa. Da magariba zai tsaya a kan gada ya ƙirga. In da sanyi, sai ya kai huɗu kafin su sake haskawa. In da zafi, uku. Daga nan yake gaya mini ko in shiga da shanya.

Bara sai ga rafi ya cika maƙil da makesu, suna ƙyal-ƙyal kamar fitilar da ta lalace. Ko biyu ba ka kaiwa.

"Waɗannan ba namu ba ne," in ji shi.

Kuwabara, shugaban kwamitin bikin kallon makesu, ya yi dariya. "Haba Baba Tokuji! Zafi ne. Kai da kanka ka koya mana zafi na sa su sauri."

 Tokuji ya jira kwana tara, har aka yi ruwa gari ya yi sanyi, kowa da rigar sanyi. Ya ja Kuwabara kan gada, ya miƙa masa ma'aunin zafi, ya ce ya ƙirga da bakinsa. Biyu kacal.

Sai mutumin nan ya sosa ƙeya. Wai bokiti shida na tsutsa ya sayo daga yamma, ya juye a saman rafi, don namu sun yi kaɗan, baƙi na ƙorafi.

"Baba, wa zai zo da agogo kallon ƙwaro?" in ji Kuwabara.

Wallahi da ni ce da na tura shi ruwa.

Bana Tokuji ya bi rafin daga sama har ƙasa, sati uku, da gwiwarsa mai ciwo. Bai sami ko ɗaya mai jinkirin nan ba. Na yamma sun mamaye rafin, namu sun ƙare.

Ranar biki motocin baƙi har bakin makaranta. Aka kira shi gaban jama'a, Kuwabara ya karanto takardar yabo, wai ga dattijon da ya raya makesun garinmu. Ina daga baya ina cewa a raina, yaga ta, tsoho, yaga ta!

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya rusuna har ƙasa, ya ce ya gode.