Wabin da Aka Ɗora wa Asibi

Jama'a, sannunku da zama. Ku matso kusa, mai shan rake ya ɗan ajiye. Kun san bakina ba ya rabo da tsiya, amma na yau ba na dariya ba ne sosai. Labarin Labaran na kawo muku. Eh, labarin Labaran, kar wanda ya harare ni, ba ni na raɗa masa suna ba.

Labaran masunci ne a Tiga. Kakanninsa ko ƙugiya ba su sani ba, manoma ne, sai da dam ya shanye garinsu aka kwaso su aka zube a gefen Bebeji, suka koma kamun kifi a saman gonakinsu na da. Tun lokacin dattawansu suka ƙulle magana: ruwa ya ci gari, to kar aure ya watsa mutane. Ɗan gida ya auri 'yar gida. Haka Labaran ya auri Asibi, 'yar ƙanin babansa, Baffa Ubale. Kar ku ce dole aka yi musu. Wane dole! Mutumin da tun tana talla yake ɓoye mata tarwaɗa mafi ƙiba a ƙasan kwalekwale?

Ɗansu na fari, Jibrin, bai kai yaye ba ya koma. Na biyu ma haka. Duk hanya ɗaya suka bi: hannu ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, a yi ta kuka har murya ta dushe. Da ta uku ta zo a shekarar casa'in da ɗaya, Inna, mahaifiyar Labaran, ta sa aka ajiye jaririyar a bakin juji, wata Bafulatana mai tallar nono ta ɗauko ta wai ta tsinta, aka sa mata Kyauta. Wai don mutuwa ta ɗauka ba 'yar gidan ba ce ta wuce. Kun ji dabara, kamar mutuwa ba ta san hanyar gida ba.

Kyauta tana fara rarrafe yatsunta suka soma kumbura.

Inna ta kira Labaran ɗakinta. "Kai, zauna. Wabi a nono ake shan sa. Uwar Asibi 'yar garin Doguwa ce, ita ma ta binne nata. Ba zan zuba ido zuri'ata ta ƙare a maƙabarta ba. Kafin a yanke dawa ka sallame ta."

"Inna, ai 'yarki ce."

"Ni ban haifi mai wabi ba."

Labaran bai taɓa musu da Inna ba, kuma bai iya cin tuwon da ba Asibi ta tuƙa ba. Sai ya ɗauki uwa da 'ya a motar kifi suka tafi babban asibiti a Kano. Aka ɗebi jinin Kyauta, aka ɗebi na Asibi, sannan aka ce shi ma ya miƙo hannu.

"Ni kuma? Ni da nake jan komar kifi ni kaɗai?"

Aka dai tsira masa allura.

Ranar karɓar sakamako jikin yarinyar ya yi zafi, shi kaɗai ya koma. Likita ya yi ta zuba turanci kamar ana suyar gyaɗa, wata ma'aikaciyar jinya, Sista Salamatu, tana juya masa.

Labaran ya ce, "Ranki ya daɗe, a taƙaice dai da ciwon aka haife ta, ko?"

"Malam, mu komai sai mu ce da shi aka haife shi, mu wuce. Likita ya ce su a turanci kowanne da sunansa. Akwai abin da yaro yake samu a ciki, uwa ta yi wani zazzaɓi ko ta sha wani magani, ya fito da shi, amma ba a jinin kowa yake ba. Akwai hali, kamar yaron da ya zo duniya da zafin zuciya, wannan ba cuta ba ce. Akwai kuma gado. Na 'yarka gado ne. Sikila ake ce masa."

Labaran ya ce, "Ashe Inna ta yi gaskiya. Daga wajen uwar..."

"Daga wajenku ku biyu. Rabi naka, rabi nata. Mutum ɗaya ba ya bayar da shi, sai an haɗu. Kowane ciki kuka samu, wani ya tsira, wani ya ɗauka. Da kai wata ka aura mai jinin da babu abin, da ita wani ta aura irin haka, da ba ku ga wannan ba. 'Yan uwa ne ku?"

Ya ninke takardar sakamakon ya sa a aljihu. Ta gane.

A hanyar dawowa, yana zaune a kan kwandunan kifi, Shaiɗan ya zauna kusa da shi ko kuɗin mota bai biya ba. Ka yi shiru mana, wa ya ji? Ka saki Asibi, ka auro bare, ta haifa maka ƙosassun 'ya'ya, kowa ya ce Inna ta yi hangen nesa. Asibi kuwa ta tafi da sunan mai wabi a goshi, babu namijin da zai ƙara yi mata sallama. Labaran ya yi a'uziyya, amma har Kwanar Ɗangora maganar tana bin sa.

Bayan la'asar ya tara su a tsakar gida: Inna, Baffa Ubale, da Asibi tana jijjiga Kyauta a kafaɗa. Ya faɗi komai, bai rage ko gishiri ba.

Inna ta miƙe. "Jinin gidan nan ne da cuta? Ka je birni an wanke maka kai da sabulu?"

Baffa Ubale ya cire hula ya mayar. "Labaran, ka san abin da ka taɓo? Rabin unguwar nan haka aka yi aurensu. Ka rufe bakinka, kar ta fita zaure."

Asibi ta ci gaba da jijjiga Kyauta. Sai da suka shiga ɗaki ta kwantar da yarinyar, ta juyo.

"Yaya, maimaita min abin da matar ta ce na ƙarshe."

Ya maimaita.

"Wato da wani na aura, da Jibrin ɗina yanzu yana makarantar allo."

"Asibi..."

"Ka wanke ni, Allah ya saka maka. Shekara da shekaru ina kallon nonona kamar guba. Amma ba zan ƙara ɗaukar ciki ina ɗinka masa riga ina tunanin likkafani ba. Ka sawwaƙe min."

To, ku ji inda duniya ta yi juyin waina. Da Inna ta ji, ita ce ta tare ƙofa. "Babu inda za ta! In ta fita yanzu ta auri bare ta haifi masu rai, gari ya ce jininmu ne. Ta zauna!" Matar da jiya take cewa a kora, yau ita ce har da kai wa Asibi fura ɗaki.

Labaran ya rasa tudun dafawa. Ya riƙe ta, ya san don rufin asirin gida ne, kuma wataƙila a ƙara haƙa ƙaramin kabari. Ya sake ta, ya saɓa wa Inna karo na farko a rayuwarsa, ya rasa matar da ba ta yi masa komai ba. Ya fita da kwalekwale ya dawo ba ko kifin karfasa ɗaya, ya sake fita. Ranar da kumburin Kyauta ya saɓe, ya je wajen liman aka rubuta saki ɗaya, ya miƙa mata.

Ga abin da ya fi ciwo. Auren gida ne, gidan Baffa Ubale zana ɗaya ce ta raba shi da nasu. Ba mota, ba rakiya, Asibi ta ɗauki kwallarta ta zagaya. Inna ta daina amsa gaisuwar Labaran. In ciwon ya motsa, yana zaune yana gyaran raga yake jin kukan Kyauta ta cikin zanar, da muryar Asibi tana rarrashi, ya ajiye ragar, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

To jama'a, kar ku yi min shiru. Da ku ne a kan kwandunan kifin nan, sirrin yana cikinku ku kaɗai, da kun buɗe baki ko da kun haɗiye?