Jar Masarar Marigayi

A wannan yanki ko ba a yi ruwa ba iskar ma a jiƙe take. Ka shanya riga da safe, da yamma ka kwashe ta tana tsami. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmi ya yi furfura a ƙarƙashin gado. To, a nan ne Inna ta dage sai ta busar da irin da mijinta ya bari, wata jar masara mai gajeren kara da babu mai ita sai gidansu. Abin da ta girbe bana bai kai rabin buhu ba. In ya lalace, shi ke nan.

Tun safe ba ta zauna ba. Ta baza a kan tamfol, gabas ta haɗe rai, ta kwashe. Tana gama kwashewa hadarin ya watse, ta sake bazawa tana mita. Zufa na bin bayanta, ƙudaje na bin zufar.

"Inna, don Allah ki zauna," in ji matar ɗanta daga bakin kicin. "Jiri kike sa ni."

"Ke ki zauna mana, 'yar nan. Wannan saman ba shi da amana."

Da la'asar kuwa ruwa ya sauko babu sallama. Suka tattara a guje, Inna ta jiƙe sharkaf, kafin magariba zazzaɓi ya kayar da ita. Ko a kwance ba ta bar mutane sun huta ba, da ta buɗe ido sai ta tambayi masara.

"Na adana ta da kyau, Inna. Ko ɗigo ba zai taɓa ta ba," in ji matar ɗan nata.

Gaskiya ta faɗa. Ita inda ta taso komai da kansa yake bushewa, don haka ta juye masarar da danshinta a buhun leda, ta ɗaure bakin tam, ta tura bayan ƙofa.

Ranar da Inna ta iya miƙewa, buhun ta fara nema. Tana kwance igiyar wani ɗumi ya bugi fuskarta. Kowace ƙwaya ta fitar da farar saiwa, sun sarƙe da juna. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar ta durƙusa ta fashe da kuka.

Inna ta buɗe baki za ta zazzage ta, sai ta tsaya. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya ta. Ba ruɓewa ta yi ba. Ta leƙa waje, ƙasa baƙa wuluk, tana tururi.

"Gaggawa ta yi, kamar marigayi mai ita. Shi ma bai jira kowa ba." Ta share ido da bakin zani. "Tashi ki ɗauko fartanya, 'yar nan. Kukan zai jira mu, wannan ba za ta jira ba."