Tsayin Motar Gidaɗo

Ɗangiwa bakanike ya fito daga ƙarƙashin akori-kurar, ya goge hannu a wando, ya ɗaga wa Gidaɗo guntun salansar da ya rage.

"Wanga ba laifin mota ba na," in ji shi. "Naka na. Hanyar Kebbe cikin damina, da mota mai ƙafafun agwagwa?"

Tun da aka fara kai simintin gina sababbin makarantu, manyan motoci suka haƙe hanyar, rami dama, rami hagu, tudu a tsakiya. Shekaranjiya cikin motar Gidaɗo ya hau tudun ya zauna, tayoyi suna juyawa a banza. Da shanun huɗa aka jawo ta baya.

Jiya da marece kuma saƙo ya iso Tambuwal. Kawu Bube, yayan mahaifiyarsa, yana kwance a Kebbe. Ya daina karɓar ko kunu, sunan ƙanwarsa kawai yake kira.

"Yau nika son in kai ta," Gidaɗo ya ce. "Mi za a yi?"

"Aiki iri biyu na, ka zaɓa. Ko in ƙara maka ganyen sifirin baya, ta ɗan tashi kamar faɗin tafi. Ko kuma in ƙara ganyen, in sa tubalin ƙarfe, in ɗaga gaba, mu ɗaura manyan tayun can da ke jingine."

"Na farkon za ya wuce?"

"In ba a yi ruwa jiya ba."

"An yi."

"To ka ji."

"Na biyun fa?"

"Ta bi ta kan tudun tana yi mai gwalo. Sai dai baya za ya yi tauri. In babu kaya, tsalle za ta riƙa yi kamar ɗan akuya. Hawa kuma..." Ɗangiwa ya sa hannu daidai tsakiyar cinyarsa. "Nan ƙofar za ta kai. Wa kac ce za ka ɗauka?"

"Inna."

"Tsohuwa? Wane nauyi gare ta? Ka sungume ta ka aza." Ya dubi fuskar Gidaɗo, sai ya yi dariya. "Au, na mance. Kai na na fari. Allah ya jiƙan ka da rai. Ni auta na, har yau bisa tabarmar innata nika cin tuwo, tana cire mini ƙaya ga kifi."

Gidaɗo ya dubi motar. Ran da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Dogon Daji, can ya girma. Inna Sauda ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana da magana da shi, bango take gaya wa, ko ƙanwarsa Atu, shi kuma ya tsinta. Bai san ɗumin hannunta ba. Bai taɓa ganin abin a matsayin rashi ba, haka ake yi wa ɗan fari, haka aka yi wa ubansa. Amma Atu tana jego a Jabo, gwiwoyin Inna kuma sun kumbura tun bara. Ko yadda motar take a yanzu, sai ta daɗe tana lallaɓawa kafin ta shiga.

In an ɗaga kaɗan, za ta hau da kanta, wataƙila su kwana a kan tudu. In an ɗaga sosai, za su isa, in ta iya hawa.

"Ɗaga ta duka," ya ce.

Aikin ya cinye safiya har bayan azahar. Tsohuwar tayar ajiya ta yi wa sababbin ƙanƙanta, ya bar ta a garejin.

Da ya iso gida, matarsa Zahara'u ta leƙo daga zaure, ta riƙe haɓa. "Mota ka kai gyara, ko raƙumi ka sayo?"

"Kawo kujera."

Ta kawo 'yar kujerar tsakar gida ta ajiye a bakin ƙofar motar. Ita ta tallafi Inna ta taka, ta tura ta a hankali har ta zauna, Gidaɗo yana can gaba yana duba ruwan lagireto da ya riga ya duba. Zahara'u ba za ta bi su ba, ƙaramarsu tana fama da ƙyanda. Ta jefa kujerar a bayan mota.

"A gai da Kawu, Inna."

"Za ya ji, in mun iske shi."

Motar ta yi abin da Ɗangiwa ya ce. Ta wuce inda ta maƙale shekaranjiya ko gugar ƙasa ba ta yi ba. Ta kuma yi tsallen. Kowane rami sai bayan ya tashi ya faɗo, haƙoran Gidaɗo su haɗu. Inna ta riƙe ƙofa da hannu biyu, fuskarta tana waje. Gero ya kai ƙugu a gonaki.

Sun yi nisa cikin fadama ta ce wa gilashin, "La'asar tana wucewa."

Ya tsaya a gindin wani marke. Sauka ba ta yi wuya ba, ta zame a hankali har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ya ajiye mata buta ya matsa. Ya yi sallarsa a gaba, ta yi tata a zaune can gefe.

Da ya sallame ya leƙa bayan mota. Babu kujera. Wani ramin ya cillar da ita, bai san ko wanne ba.

Ya dubi gabas. Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen marken. Akwai rafi a gabansu kafin Kebbe. In ruwan nan ya sauka ya cika shi, babu tsayin motar da zai ƙetare, sai an jira ya janye.

Ya shiga neman dutse. Fadama ce, babu ko tsakuwa. Ya nemi kututture, ya samu wani ruɓaɓɓe da ya marmashe a hannunsa. A bayansa ya ji takalminta ya zame daga bakin ƙofa, ya ji numfashinta. Ya ji ta sake gwadawa. Bai waiwaya ba.

Ya dawo ya durƙusa yana tara laka da hannu, yana dannawa, ko za ta zama matakala. Ya gwada da ƙafarsa, ta baje.

Inna tana tsaye, hannunta ɗaya a ƙofa. Ta dubi marken.

"Bube ba ya jiran gini," ta ce.

Gidaɗo ya goge hannu a riga. Ya sa gwiwa ɗaya cikin laka a bakin ƙofar, ya kafa ɗayar, ya kau da kai wajen gonaki. Sannan ya ji ta tuɓe takalmi. Tafin ƙafarta ya sauka a cinyarsa, busasshe, da sanyi. Hannunta ya dafa kafaɗarsa. Ta yunƙura, gwiwar ta ƙi. Sai ya miƙe da ita gaba ɗaya, ya aza ta a kujera. Ba ta fi damin kara nauyi ba.

Ya ɗauki takalman ya ajiye a ƙafafunta, ya rufe ƙofa, ya zagaya ya ta da mota. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi.

Sai da suka hango rafin, ruwansa bai kai gwiwa ba tukuna, sannan ta yi magana, idonta a kan hanya.

"A faɗa ma Zahara'u ta riƙa sa mai ga miya. Kafaɗar mai motar ga duk ƙashi ta."

"Za a faɗa mata," Gidaɗo ya ce wa sitiyari.

Ya sa giya ta ɗaya, ya shiga ruwan.