Matar da Ta Tsaya a Bayan Danga

Ranar sunan jikar Talatu a Dandamisa, tun hantsi gida ya cika da mata. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, manya na tsintar shinkafa a faifai, yara matasa na gefe suna yankan albasa da gyaran attaruhu. Cikin masu tsintar shinkafar akwai Ummuhani, ƙawar Talatu tun suna 'yan mata, wadda ta taso daga Saulawa a kan acaɓa. Mace ce marar yawan magana, cikin Fulanin nan da suka daɗe da zama wuri ɗaya, ga gona ga shanu.

To, Ummuhani tana da ɗan fari, sunansa Salman. Da aka yaye shi sai aka kai shi riƙo wurin yayar mijinta, Hauwa'u, a wani ƙauye kusa da Kudan, kamar yadda aka saba a danginsu. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba shi a gaban mutane ba, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. In dole ta kama a yi maganarsa, sai ta ce "yaron Yaya". Yanzu Hauwa'u ta rasu, shi kuma ya zama magidanci a Kano, yana rubuta labaran fim. Na farkonsa ya fito, masu tura fim a Makarfi da Ikara sun cika wayoyin mutane da shi. Ita dai ba ta kalla ba. Da wane idon za ta zauna kallon aikin ɗan fari?

A wajen masu albasa hira ta yi daɗi. Murja, ƙanwar uban jaririya, 'yar Makarfi ce, kuma ita ke riƙe da wani guruf na waya inda masu kallo ke taruwa suna yi wa finafinai tankaɗe da rairaya. Samira ƙawar mai jego ce daga Kudan. Su biyun nan suka fi kowa baki, kuma babu wadda ta san ko wace ce tsohuwar da ke kusa da su.

"Ni wankiya ba ta ɓoye mini," in ji Murja. Wankiya, ga wanda bai sani ba, ita ce a ɗauko fim ɗin wata ƙasa a sa masa riga da hula a ce namu ne. "Akwai wanda na gani, jarumin ya sauko daga jirgin ƙasa a garin da ko kwalta babu. Don kawai na Indiyan a tashar jirgi ya fara."

"Wannan da sauƙi," in ji Samira. "Na biyu da na uku su ne cuta. Mutum ya mutu a na ɗaya, mun sha kuka, mun yi masa addu'a, sai ga shi a na uku wai tagwayensa ne da aka manta a asibiti."

"Aka manta. Kamar buta."

Aka yi dariya, har da wasu cikin manyan.

"Amma duk cikinsu babu wanda ya ba ni haushi kamar na Salman Saulawa," in ji Murja.

Hannun Ummuhani bai tsaya ba, sai dai ta ƙara sunkuyar da kai. Talatu da ke wucewa da tukunya ta ji sunan, ta juyo da sauri.

"Ku 'yan nan, albasar ake jira fa, ba surutu ba."

"Yanzu, Inna," in ji Murja, ta ci gaba da abinta. "Uwa ba ta kula ɗanta, an kai shi riƙo, ya kwanta ciwo, ta zo a ɓoye ta tsaya a bayan danga tana leƙensa, ta ajiye masa mazarƙwaila a kan dirka ta juya. Wallahi sak wani tsohon na Indiya mai fassara. Can uwar a bayan taga take tsayawa, alewa take ajiyewa. Har ruwan saman iri ɗaya, har waƙar. Na haɗa hotunan biyu na sa a guruf, kowa ya gani."

"Ruwa da waƙa na yarda," in ji Samira. "Amma labarin namu ne, Murja. Ina Indiya ta san kunyar ɗan fari?"

"Shi ya sa na ce ya iya wanki. Ya sa sabulu sosai."

A nan ne hannun Ummuhani ya tsaya cikin shinkafa.

Shekarun baya masu yawa, lokacin yaron bai daɗe da fara makarantar allo ba, labari ya iso Saulawa cewa ƙyanda ta kwantar da shi, har ana tsoro. Ubansa ya tafi, kakarsa ta tafi. Ita ba a ce ta zo ba, ba ta kuma isa ta tambaya ba. Da ta kasa haƙuri sai ta ɗauki ƙwaryar man shanu ta ce za ta kasuwar Makarfi. Ta sayar da man a kan kuɗin da aka fara taya mata, ta hau motar rake zuwa wajen Kudan, ta ratsa gonaki ta bayan gari don kada a gan ta. Ta tsaya a bayan dangar Hauwa'u, ta raba kara biyu da yatsa. Yana kwance a inuwa an rufa masa zane, fuska duk ƙuraje. Ta ɗauka barci yake. Ta ajiye mazarƙwailar da ta saya a kan dirka, ta koma gida ta ce kasuwa ta yi cinkoso. Ko mijinta bai sani ba har ya bar duniya.

Ashe idon yaron biyu. Ashe ya gan ta, ya riƙe abin a cikinsa duk shekarun nan yana gaishe ta daga bakin ƙofa, yanzu kuma ga shi a wayar kowa daga nan har Kano. Ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska.

"Ke dai kin ja masa," Samira ke cewa. "Yayana yana ɗaukar hoto a kamfanin da ya yi fim ɗin, can Kano. Ya ce mai kamfanin ya fusata, ya ce shi ba ya son a riƙa kiran kamfaninsa na ɓarayi. In surutun bai mutu ba, na biyun wani zai ba ya rubuta, a cire sunan Salman gaba ɗaya. Mutum da iyali."

"Ni na ce ya yi sata? Ai na biyun ma na san shi tun bai fito ba. A na Indiyan uwar mutuwa take yi ba ta faɗa ba, ɗan ya zo yana kuka a kan kabari. Ku sa ido."

"Ba kyau, Murja."

"Abin da ba kyau shi ne mutum ya tashi ba a koya masa barin kayan mutane ba. Ko a gida ba a..."

"Murja." Talatu ta dire tukunyar. "Tashi ki kai albasar nan madafa."

Talatu ta san Salman ɗan wane ne, amma ita ma ba ta san zancen danga ba. Tsammaninta zagin ne kawai ke cin ƙawarta. Ummuhani kuwa tana auna abu biyu a ranta. In ta yi shiru, mutuncinta na nan yadda ta gina shi, yaron kuma ya tafi da sunan ɓarawo, aikinsa ya koma hannun wani. In ta buɗe baki, ga surukan Talatu, ga tsofaffin Dandamisa, duk za su ji cewa ta taɓa bin ɗan fari har garin mutane kamar wadda ba ta da mafaɗi.

Murja ta miƙe da farantin albasa.

"Ba a yi ruwa ba ranar," in ji Ummuhani. Shinkafar take kallo.

Murja ta waiga. "Na'am, Goggo?"

"Rani ne. Ana yankan rake. Ruwan su suka ƙara." Ta ɗan numfasa. "Waƙa kuma ba wanda ya yi."

Samira ta dubi Talatu, Talatu ta dubi ƙawarta baki buɗe.

"Ummu," ta ce a hankali. "Ke ce?"

Ummuhani ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Mahaifiyarsa ce," Talatu ta faɗa wa 'yan matan. "Wanda kuke ta kiran sunansa tun ɗazu."

Murja ta nemi inda za ta ajiye farantin ta rasa. Daga ƙarshe ta durƙusa da shi a hannu. "Goggo, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Bakina ne."

Wata tsohuwa cikin dangin uban jaririya ta karkaɗe faifanta, ta ce, "Ikon Allah. Har Kudan kika bi shi? Mu a zamaninmu ko gawar ɗan fari aka fito da ita, ɗaki muke shigewa."

"Ai kuwa an iya ɓoyo," wata ta karɓa. "Muna ta cewa a yi koyi da Ummuhani."

Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba da mugunta ba ne sosai, amma kowace kalma ta sami wurin zama. Ummuhani ta san kafin jibi zancen ya isa Saulawa, kuma daga yau duk bikin da ta shiga sai an sami mai tuna mata.

Samira ta matso ta rage murya. "Goggo, abin da kika faɗa nan ya tsaya. Can Kano ne ake buƙatarsa. In Murja ta rubuta cewa ta yi kuskure, za a ce an ba ta wani abu ne. Amma in suka ji daga bakinki, ko mai kamfanin sai ya ji."

"A waya?"

"Murya kawai. Ba hoto."

Ummuhani ta daɗe tana juya ƙwayar shinkafa ɗaya a tsakanin yatsunta. Sannan ta tashi ta nufi bayan rumbu, inda ba idon tsofaffin. Talatu da 'yan matan biyu suka bi ta. Murja ta danna wayar, ta fara da kanta: ta faɗi sunanta, ta ce ita ta haɗa hotunan nan, kuma ta yi wa bawan Allah ƙazafi. Sai ta miƙa wayar kusa da bakin Ummuhani.

Ummuhani ta faɗi abin a gajarce, kamar mai ba da saƙon wani. Ƙyanda, man shanu, motar rake, danga. Ba ta ce "ɗana" ba, "yaron Yaya" ta ce.

"Goggo," Murja ta raɗa, "ba za su gane wa ake nufi ba. Sai an faɗi sunan."

Ummuhani ta buɗe baki. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta girgiza kai, ta juya wa wayar baya.

Talatu ta karɓe wayar. "Ni Talatu ce ta Dandamisa. Wadda kuka ji yanzu ita ta haifi Salman Saulawa, a gabana aka yi sunansa. Ummu, haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Ummuhani, fuskarta a jikin rumbu.

Murja ta tura a guruf. Kafin a sauke shinkafa wayarta ta fara ƙara ba tsayawa, tana karantawa tana share ido da bayan hannu, albasa ko kunya oho. Samira ta ce ta aika wa yayanta, ya ce yanzu zai shiga ofishin mai kamfanin da muryar.

Ummuhani ba ta koma gindin mangwaro ba. Ta zauna a ɗakin Talatu, aka kawo mata abinci ta ce ta ƙoshi. Da la'asar ta roƙi a kira mata mai acaɓa ya tsaya ta ƙofar baya. Tana ɗaura gyale sai 'yar wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ba ta iya karatun boko ba, ta miƙa wa Talatu ta duba.

"Shi ne," in ji Talatu. "Ungo."

Ummuhani ta mayar da hannuwanta cikin gyale.

"Ɗauki ke. Ki ce masa muna lafiya. Ki tambaye shi ko an bar masa aikin."

Talatu ta kara wayar a kunne, ta saurara, ta gyaɗa mata kai alamar an bar masa. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ya ce ko gaisuwa ce ki bari ya yi miki."

"Ki ce na amsa," in ji Ummuhani, ta fita ta ƙofar baya.